Jan Mayafin da Ya Koɗe

Baba Mai Gilashi ya sake kai zanen bakin taga, ya karkata shi, ya ja tsaki. Babu tantama, jan ya koɗe.

Wata malamar makaranta ce ta kawo masa shi a naɗe cikin zani. Marigayi mijinta ne ya sassaƙa siffar a jikin katako, ya shafa tawada, ya buga a takarda. Ita ce a ciki, tana budurwa, da jan mayafi. Katakon gara ta cinye shi, sauran da aka buga kuwa an sayar tun da daɗewa. Wannan kaɗai ya rage mata. Ta roƙe shi ya yi masa firam ɗin da zai kai ga jikokinta, ta ce ba sauri take ba.

Shi kuwa bai rage komai ba. Sai ya wanke hannu yake taɓa shi. Ya yanka farin kwali ya zagaye zanen, don kada takarda ta manne da gilashi ta yi gumi. Gam ma bai yarda ya kusance shi ba, sai ɗan sitaci a gefen sama. Duk da haka, kullum ya duba sai ya ga mayafin ya ƙara dushewa.

Ya ɗora wa rana laifi, ya rataya labule. Ya ɗora wa gilashin laifi, ya sauya wani. Ya kulle zanen a durowa inda ko ƙuda ba ya shiga, ya fito da shi, jan ya koma kamar ruwan wankin nama.

Wallahi ya gaji. Baya na ciwo, gwiwa na ciwo, ga duniya ta lalace da ha'inci. Ƙwan fitilar yanzu ba shi da haske. Masu rini sun daina tsoron Allah, don ranar da autarsa ta shigo shagon tana taƙama da sabuwar atamfa, tambayarta ya yi ko a gwanjo ta samo, yarinya ta yi fushi ta fice. Har yatsa ya yanke wajen yankan gilashi, abin da rabonsa da shi tun yana koyon aiki, ya ce rular ce ta karkace.

Abin da ke cin ransa ɗaya ne: da wane baki zai gaya wa baiwar Allah cewa amanarta ta lalace a hannunsa?

Tsohon da ya koya masa sana'a ya sha ja masa kunne cewa aikin mai firam a gefe yake tsayawa, abin da ke tsakiya ba nasa ba ne. Bai taɓa karya wannan ba tun da ya buɗe shago. Wata rana dai ya aiki autarsa kasuwa, ya ciro zanen daga firam, ya ɗauko siririn burushi da jan fenti. Shafa ɗaya ba ta yi ba. Ya ƙara, ya bari ya sha iska, ya kuma ƙarawa, har sai da mayafin ya dawo yadda zuciyarsa ta kwanta da shi. Ya mayar, ya rufe bayan, ya zauna yana ajiyar zuciya.

Da malamar ta zo, ya juyo mata da firam ɗin da hannu biyu. Tana ganinsa ta dafa kanta.

"Baba, me ka yi masa?"

"Na dawo miki da shi ne, 'yata. Koɗewa yake ta yi."

Ta ce ai makon jiya ta biyo, ba ya nan, autarsa ta nuna mata zanen, yana nan yadda mijinta ya bar shi. "Yanzu kuwa kamar an yanka ni a ciki," in ji ta.

Ya buɗe baki zai yi mata bayanin rana da gilashi, amma ya kasa haɗa ido da ita, ya juya yana kallon ƙofa. A ƙetaren titi wani mai kayan miya yana kasa tumatir sabon tsinka, mata sai rububinsa suke yi. Baba ya ƙura ido, ya murtsuke, ya sake ƙurawa. Tumatirin ma duk ya koɗe.