Agogon Aro

Sai da 'yarsa ta shige ɗakin jarrabawar neman gurbin karatun lauya sannan ya tuna. An hana shiga da waya, ya ara mata agogon hannunsa, alhali a kan lokacin Jos yake, bai taɓa gyara shi ba tun zuwansa New York. Ga ta da saurin firgita, bara ma rikicewa ce ta kayar da ita.

Ya kasa komawa layin tasi na filin jirgin saman JFK. Ya zauna cikin mota, addu'a har bakinsa ya bushe.

Ta fito a gajiye.

"Agogon ya rikita ki, ko?"

"A'a, Baba. Da na fara firgita sai in duba, in ce yanzu Kaka na hura wutar tuwo a Jos."