Sarewar da ke Ɓangaren Hagu

Karo na uku ke nan ina mayar wa mai shago hedifon, ina shaida masa cewa ɓangaren hagu ba ya fitar da sauti.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina haɗa sauti a gidan rediyo, kuma ƙa'idar da na gada daga maigidana ita ce a fara zargin waya, sannan mahaɗi, sannan na'ura. Haka na bi. Na canza waya, na haɗa wa kwamfutata akwatin ƙara sauti, na sake hedifon. Duk da haka sarewar marigayi aminina, wadda ni da hannuna na ajiye sautinta a ɓangaren hagu ranar da muka ɗauki waƙarsa, ba ta dawo ba. Ita kaɗai ta rage mini daga gare shi.

"Baba, kawo in saurara," in ji 'yata da na dawo gida.

"A zamaninmu ba a sa hedifon ɗin babban injiniya."

"To, ranka ya daɗe, ba zan sa ba. Juya shi kawai, na hagu ya koma dama."

Na juya don in kunyata ta. Nan take sarewar ta tashi a kunnena na dama, tas, kamar jiya aka busa ta. Hagu kuwa shiru.

Da na cire, na umarce ta kada kowa ya ji wannan magana.

Ta sunkuyar da kai. "Baba, shekara biyu ke nan ba mai zama ta hagunka a gidan nan. Mama ce ta tsara mana."