Sunan Ɗan Fari

"Raɗa mini sunan wanda ka zaɓa, Baffa," in ji malamin zaɓe, yana miƙo kunne.

Tsohon ya ga yunwa, ya ga annobar shanu, duk ya ga bayansu. Ana gab da samun 'yancin kai ya kaɗa garkensa kasuwar Dutsin-Ma, domin ɗansa ya samu takarar jam'iyya a Kurfi. To amma ɗan fari ne, Bafillace kuwa ba ya kama sunan ɗan fari.

"Yaron nan dai."

"Suna nake jira, Baffa."

Ya ɗau sandarsa ya fita. Aka yi kunnen doki, shugaban taro ya ba abokin karawar yaron takarar.

Tun daga ranar tsohon yakan bugi ƙirji: "Shanu sun tafi, kujera ta tafi, amma bakin nan bai kama ba!" Sannan ya kawar da kai ya share ido.