Guguwar da ta kayar da uba

Ka ce kana tsoron in ka sassauta wa na ƙasa da kai za su raina ka. To ga wani misali, ka auna da kanka.

An yi wani magidanci, mai gyaran lantarki, da ke aiki a wani gari, ba ya dawowa gida sai ƙarshen mako. Tun yana saurayi yake son wani wasan tseren ƙananan motoci da ake yi a allon talabijin, kowa da abin tuƙinsa a hannu, irin wanda masu shi ke fito da sabon salo bayan 'yan shekaru. Shi da abokansa suna da zauren hira a waya, kuma ba abin da suke musu a kai kamar wannan wasa. Wani ya ce fitowa ta farko ce ta gaske, don hanyoyinta ƙunci gare su. Wani ya ce ta uku ta fi daɗin kiɗa. Shi kuwa a kan ta biyu ya tsaya, domin a cikinta gwaninta kaɗai ke kai mutum gaba, kuma ya iya wata dabara ta kwantar da mota a kwana tana zamewa ba tare da ta rage gudu ba. Sabuwar fitowa ce ba ya ko son a ambata. A cikinta akwai akwatuna a kan hanya, na gaba ya taka ya sami abin da bai taka kara ya karya ba, na baya kuwa a ba shi guguwa wadda za ta tsallake kowa ta je ta juya motar da ke kan gaba. Ya ce wannan wasan ragwaye ne, an hukunta mai ƙoƙari an saka wa mai barci. Da kawun yaransa ya kawo musu ita tsaraba, sai ya yi godiya, ya ɗora ta a saman kabad.

Yaransa biyu ne, namiji da ƙanwarsa, kuma ya lura sun fara yi masa baƙunta: su gaishe shi da ladabi, su sulale ɗaki. Abin ya dame shi ƙwarai, don haka kowace Asabar sai ya kunna tsohon wasan ya kira su, yana ganin a nan za su shaƙu. Amma da an fara sai ya bar su a baya, ya zagayo ya sake wuce su, yana tuƙi yana gyara musu kuskure. In an gama ya ajiye abin tuƙin ya yi musu bayanin inda suka yi sake. Sannu a hankali namijin ya riƙa tuna yana da aikin makaranta, ƙanwar kuma ta ce barci take ji tun hantsi. Ya kai kuka wurin matarsa, cewa yaran yanzu ba su da juriya. Tana tankaɗe gari, ba ta ko ɗago ba ta ce, “Baban yara, kai tsere kake yi, su kuwa wasa suke so.” Bai ji daɗin maganar ba, ya saka hula ya tafi aski.

Da ya dawo, tun daga bakin ƙofa ya ji gidan ya cika da dariya. Uwar ta sauko musu da sabon wasan, ita ma tana zaune a tsakiyarsu tana karkata jiki duk inda motarta ta karkata. Suna ganinsa dariyar ta tsaya. Uwar ta miƙa masa abin tuƙinta ta koma gefe, shi kuma kunya ta hana shi ƙi. Ba a jima ba ya wuce kowa kamar yadda ya saba. Yana hango layin ƙarshe, sai 'yar, wadda ke can baya tana karo da kowace katanga, ta taka akwati ta danna abin da ba ta ma san amfaninsa ba. Guguwa ta taso ta sure motar uban ta juya ta kamar faifai a iska, ɗan ya zo ya wuce shi ya ci. Maganar da ya sha faɗa wa abokansa ta zo masa har baki. Amma da ya waiwaya sai ya ga yaron bai yi murna ba tukuna, fuskar ubansa yake kallo, yana jiran ya ga ko an halatta masa. Sai mutumin ya ɗora hannu biyu a ka, ya zube a kan darduma yana cewa sun haɗa baki sun cuce shi, kuma sai ya kai ƙara wurin kakarsu. Yaran suka hau kansa suna shewa, 'yar tana jan gemunsa tana cewa, “Baba, a sake.” Suka yi ta yi har abinci ya huce.

Ra'ayinsa dai bai canza ba. Har yau in musu ya tashi a zaure, fitowa ta biyu yake karewa, abokansa suna tsokanarsa cewa yarinyar da ba ta gama famfara ba ta kayar da shi. Sai dai wata Asabar ɗan ya ɗauko tsohon wasan da kansa, ya zauna kusa da shi, ya roƙe shi ya koya masa yadda ake kwantar da mota a kwana. Shi ya sa Hausawa suka ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi da tsawonka za ka tashi.