Sandar Larai

An ɗauki makarar Larai, jama'a sun kama hanyar maƙabarta, amma mijinta Halliru ya tsaya cak a ƙofar gida, riƙe da sandarta.

Duk Sabon Birni an san su. Tun tana yarinya agana ta cinye mata ido. Shi kuwa tun da ya dawo daga yaƙin Bama da Turawa suka kai shi, ba a taɓa ganinsu a rabe ba. Kasuwa ko rijiya, yana gaba riƙe da kan sanda, tana baya riƙe da ƙarshenta. Har gori mata ke yi wa mazajensu da shi.

Maƙwabcinsa Attahiru ya waiwayo. "Malam Halliru, mi kaka jira? Taho mu raka ta."

Halliru ya miƙa sandar baya kamar kullum. Babu wanda ya kama.

"Ban san hanya ba, Attahiru," in ji shi. "Tun Bama idona ya tafi. Ta ce kar a ga tsohon soja ana jan shi. Ita ka murɗa sandar daga baya, dama ko hagu, ni ko in bi."