Randar da Ruwanta Ke Tsami

Ranar sunan ɗiyar ƙanwar mijina, wata tsohuwa ta dubi cikina, ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya raba lafiya, 'yar nan." Na sunkuyar da kai na ce amin. Alhali babu komai a cikin sai ƙiba. Tun kafin ranar likita ta gaya mini wasu ƙananan ƙullutai ne a gidan ƙwan mahaifata, su ke sa al'ada tsallake wata, su fito mini da gashi a haɓa, su kuma riƙe ƙibar ta ƙi sauka. Ta ce in dawo tare da maigidana a tsara mini magani da irin abincin da zan ci. Ban koma ba, shi ma ban gaya masa ba. Na gwammace ya ɗauka ci ne ya yi mini yawa. Na daina tuwon dare, na bi da na rana, na koma shayin rage tumbi da ruwan lemun tsami, ga tsallen igiya a bayan ɗaki duk lokacin da ya fita. Zanen da ba ya zagaye ni bai fara zagaye ni ba. Rannan jiri ya kayar da ni a gaban murhu a gidan Gwaggo Tabawa, yayar babana, dole na fasa mata komai. Ta dama kunu, ta tsare ni da ido sai da na shanye, sannan ta ce:

"Suwaiba, an yi wata amarya da aka kai ta da randa mai kyau, baƙa wuluk, da zane a wuyanta. Amma duk ruwan da ya kwana a ciki sai ya wayi gari da tsami. Matan gida suka fara taɓe baki, ana cewa amarya ƙazama ce. Ita ma ta yarda. Ta wanke randa da toka, ta wanke da sabulu, ta bar rijiyar gida ta koma ɗebowa daga bayan gari. Ta rage ruwan zuwa rabi, ta sake ragewa, ko tsamin zai ragu. In baƙo ya zo, sai ta zagaya ta miƙa moɗa ta kan katanga maƙwabciya ta cika mata. Mijin kuwa kullum da safe zai ɗiba ya sha, ya ajiye moɗa ya ce alhamdulillahi, ita tana laɓe tana kallon fuskarsa, kamar ƙasa ta tsage ta shige. Daga baya ta samo sakaina ta shiga kankare cikin randar, yau kaɗan gobe kaɗan, har jikinta ya yi siriri, gindinta ya fara tsatsafo da ruwa.

"Wata rana mai ginin tukwane ta biyo da tallarta, ta roƙi ruwa. Amarya na ta kame-kame, tsohuwa ta ɗiba da kanta. Ta kurɓa, ta ƙwanƙwasa randar da ɗan yatsa, ta zura kai ta sansana. Ta ce, 'Wanki bai gaza ba. Kafin ta zo hannunki an taɓa jiƙa geron kamu a cikinta, tsamin ya shige cikin yumɓu. Ko ki kankare ta har ta ɓule ba za ki cim masa ba. Kife ta za a yi ta sha rana, a turara ta a kan garwashi da saiwar jema, a hankali a hankali. Da damina zai so ya dawo, sai a sake.' To, randa ce babba, ga ta ta yi laushi, mutum ɗaya in ya ce zai juya ta sai ta fashe. Amarya ta wuni tana zagaye ta, da yamma ta rufe fuska da gefen mayafi ta gaya wa mijin. Ya ce, 'Ai tun ranar farko nake jin tsamin. Shiru na yi don kada ki ji kunya. Abin da ke damuna hannuwan nan ne da toka ta cinye.' Ya naɗe hannun riga ya kama mata ɗaya gefen."

Gwaggo ta ɗauki kofin kunun tana jujjuya shi. Ta ce, "Mai ƙwanƙwasawa ta riga ta ƙwanƙwasa taki ta gaya miki. Ke kuma kin dawo gida kin ɗauki sakaina."

Bayan la'asar maigidana ya zo ɗaukata. A zaure na tsayar da shi, idona a kan takalminsa, na faɗa masa duka, har da amin ɗin da na amsa ranar suna. Na tsaya ina jiran in ji ya ja tsaki ko ya ja baya. Can ya sa hannu ya gyara mini mayafin da ya zame, ya ce, "Shi ya sa kike cewa kin ci a kicin? Wace rana likitar ke zama?"

Daga tsakar gida na jiyo Gwaggo tana ɗauraye kofi, ta ɗaga murya yadda za mu ji: "Hausawa dai ba su yi ƙarya ba, ruwa ba ya tsami banza."