Gorar Baba Soja

Kakana, wanda kowa a ƙauyenmu na gefen Tsafe yake kira Baba Soja, bai dawo daga yaƙin basasa da komai ba sai wata gorar ruwa ta ƙarfe, duk ta lotse. Kullum da hantsi yakan cika ta ya rataye a ƙofar zaure. Ɗan gida ba ya sha, ta masu wucewa ce.

Wata rana da bazara, har aka yi la'asar ko mutum ɗaya bai gifta ba. Baba ya zauna, ya miƙe, ya leƙa hanya, ya dawo ya girgiza gorar. Na ce, "Baba, kawo in shanye mana ka huta."

Ya ce, "Ke, wanga ruwa na Mamman na. Abokina. Bisa cinyata ya cika yana roƙon ruwa, gorata ko babu ɗigo."

Can sai ga wani mai jakin itace. Baba ya tare shi, ko takalmi bai saka ba. "Bawan Allah, sha, ko ba ka jin ƙishirwa." Mutumin ya kafa kai, ruwa na bin gemunsa. Sai a sannan kakana ya iya zama.

Yanzu 'yan bindiga sun tashi ƙauyen, gorar tana wurina a Gusau. Nakan cika ta in fito ƙofar gida, amma da na hangi baƙuwar fuska sai in koma ciki. Jiya ma a gorar ruwan Mamman ya kwana.